Suna Linzami: Sunayen Ciwon Bakin Yaro a Fakuwa

Wata Juma'a cikin damina na shiga gidanmu a Fakuwa, na tarar da ɗan ƙanwata, yaro ɗan wata 22, kwance a cinyar kakarsa yana wani kuka mara ƙarfi. Gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf da miyau. An dama masa koko, ya kai baki sau ɗaya ya ture kofin. Uwar tana tsaye bakin madafa, idonta ya yi ja, kwana uku ba ta runtsa ba. Na ce, "Inna, mi ke damun shi?" Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Haƙori ne, na baya yake fiddawa." Maƙwabciyarmu da ta shigo ɗibar wuta ta ce ita dai a ganinta belu ne ya sauko, a kira wanzami. Da magana ta kai zaure, ƙanen mahaifinmu ya ce a dai bincika, kada ya zamana iska ce. Cikin rabin sa'a ciwon yaro ɗaya ya sami suna uku, kuma a cikin mutum ukun nan babu wanda ya buɗe bakinsa ya duba.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Galibi a kan mutum ake faɗin haka, amma ni a wajen ciwo na fi ganin gaskiyar maganar. Duk sunan da aka laƙaba wa ciwo yana da ƙofar da yake jan mutane zuwa gare ta. In an ce haƙori ne, an zauna gida ke nan, iyaka a aiki yaro kemis. In an ce belu ne, sai gidan wanzami. In an ce iska ce, sai wurin malam ko boka, a dawo da rubutu da turare. Tun kafin a goya yaro a sa ƙafa waje, sunan ya riga ya yanke inda za a dosa. Shi ya sa tun daga ranar nan nake bin waɗannan sunaye ɗaya-ɗaya, ina neman sanin abin da kowanne ya kama daidai da abin da ya rufe.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne Hausa ba ta da talaucin kalmomi a kan baki. Muna da leɓe da harshe da dasashi da ganda da muƙamuƙi. Haƙoran ma kowane da sunansa, na gaba daban, fiƙa daban, turame na tauna can ciki daban. Mun raba wushirya, wadda ado ce, da giɓi, wanda asara ce. Muna da kalma guda, famfara, don zubar haƙoran yarinta da ke farawa wajen shekara shida. A nan ƙasar Katsina tsofaffi kan ce haure, kalmar da Bakano ya fi saninta a jikin giwa. Mutanen da suka bi baki lungu-lungu suka raɗa wa komai suna ba za a ce ba su da lura ba. Amma da an zo kan ciwon da ke kama bakin ƙaramin yaro, sai duk wannan wadata ta tsuke ta koma kalma ɗaya, haƙori.

Kalmar ta zama buhu, komai a ciki ake zubawa. Akwai zawon haƙori, akwai zazzaɓin haƙori. Yaro ya yi amai, haƙori ne. Ya ƙi nono, ya rame, idonsa ya faɗa, haƙori ne. Tsakanin haƙori da haƙuri wasali ɗaya ne, kuma a bakin mutane tare suke tafiya: haƙori ne, a yi haƙuri, zai wuce.

Ba zan zalunci Inna ba, lissafinta na watanni daidai yake. Haƙorin farko kan ɓullo wajen wata shida, na yarinta guda 20 ne, kuma ba sa kammala fitowa sai yaro ya kai shekara biyu da rabi zuwa uku. Turamen ƙarshe suna fasowa ne daf da cikar shekara biyu ko bayanta, wato kusan lokacin da jikanta yake. Kuma fitar haƙori tana da tata wahalar. Dasashi yakan yi ƙaiƙayi ya ɗan tasa, miyau ya ƙaru, yaro ya riƙa cizon duk abin da ya samu, ya yi 'yar rigima, jikinsa ya ɗan yi ɗumi na kwana biyu ko uku. Iyakarta ke nan. Haƙori ba ya kawo zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi, ba ya kawo gudawa, ba ya fito da gyambo a harshe, ba ya sa baki wari ko dasashi jini.

To me ya sa kowa ya yarda yana kawowa? Saboda lokacin ne ya zo ɗaya. A wata shida garkuwar jikin da jariri ya samo daga uwarsa tun yana ciki take raguwa sosai. A nan ne yake fara zama, sai rarrafe, duk abin da ya tsinta a tsakar gida, daga kashin kaji zuwa takalmi, baki yake kaiwa. A nan ne ake fara ɗura masa koko da ruwan randa. Zawo da maleriya da mura sai su yi masa ca. Daga wata shida kuwa har shekara uku, da wuya a wuce wata biyu ko uku ba wani haƙori da ke kan hanya. Kullum yana kusa, shi ya sa kullum shi ake kamawa, ainihin mai laifin kuma yana ciki yana ɓarna.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A Ingila ta ƙarni na 19, fitar haƙori ana rubuta ta a rajistar gwamnati a matsayin sanadin mutuwar yara, likitoci suna tsaga dasashin jarirai da wuƙa wai don su buɗe wa haƙori hanya. Garin maganin haƙorin da ake sayarwa yana ɗauke da zaiba, ya yi ta sa wa yara guba har sai da aka cire ta a shekarun 1950. Namu abin baƙin cikin ya fi kusa. A ƙarshen 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya haɗa, ya gurɓata da sinadarin da ake sa wa a man birki da ruwan sanyaya inji. Ƙodar yaran da suka sha ta tsaya, suka daina fitsari. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da aka fara ganin yaran. Yara 84 aka tabbatar sun rasu, hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, a 2013 kuma kotun tarayya a Legas ta ɗaure biyu daga ma'aikatansa. Duk lokacin da na tuna wannan sai zuciyata ta yi nauyi, domin iyayen nan ƙauna ce ta sa suka sayi maganin, kuma abin da suka saye shi dominsa ko dai ba ya bukatar magani, ko kuma wani ciwo ne daban da sunan haƙori ya lulluɓe. Har gobe kwalabe da ƙunshin maganin haƙori suna nan jere a kemis. Da yawansu farasitamol ne aka haɗa da maganin sa barci. Uwa ta ba yaro wannan, ta ƙara masa da farasitamol na zazzaɓi, ta ninka masa ƙa'ida ba ta sani ba, hanta kuwa ba ta ɗaukar haka.

Ranar nan dai na ce wa ƙanwata ta rungume shi ta riƙe hannuwansa, na kunna fitilar waya, na danna haɓarsa a hankali. Dasashinsa gaba ɗaya ya kumbura ya yi ja wur, inda yatsana ya goga sai da jini ya tsatso. A kan harshe da cikin leɓe da cikin kumatu ga wasu ƙananan gyambuna zagayayyu, tsakiyarsu fari-fari, bakinsu ja, sun fi goma. Na ce, "Inna, zo ki gani." Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan kam ba haure ba ne." Ita da kanta ta miƙa wa uwar zanen goyo.

A asibiti a Kankiya, malamin da ya duba shi bai fara da tambayar suna ba. Cewa ya yi, "Yaushe rabon shi da fitsari?" Ya duba idonsa da harshensa, ya ɗora shi a sikeli. Ya yi mana bayani cewa ƙwayar bairos ce, irin wadda ke fito wa manya da 'yan ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi. A jikin babba ba ta da wani ƙarfi, amma ranar da ta fara shiga jikin ƙaramin yaro sai ta cika masa baki da miki ta haɗa da zazzaɓi mai zafi. Ta miyau take yaɗuwa: sumba, cokali ɗaya, ko tauna wa yaro abinci a ba shi. Takan ɗauki kwana 10 zuwa 14 ta warke da kanta, kuma maganin kashe ƙwayoyin bakteriya da ake rubuta wa kowane ciwo ba ya taɓa ta. Akwai maganin da ke rage mata kwanaki in an zo cikin kwana ukun farko. Haɗarinta ɗaya ne, yaro ya ƙi sha saboda raɗaɗi har ruwan jikinsa ya ƙare. Don haka aka ba shi farasitamol daidai nauyinsa, aka ce a jira ya fara aiki sannan a riƙa ba shi ruwa da cokali kaɗan-kaɗan, da ruwan gishiri da sukari, da kunu mai sanyi, da nono in ba a yaye shi ba. Ban da yaji, ban da tsami, ban da abu mai zafi. Da za mu tafi na tambaye shi sunan ciwon da Hausa. Ya ce su dai ciwon baki suke cewa.

Nan na gane inda giɓin yake. Ciwon da ya fi yawan kwantar da yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar da miki a baki ba shi da sunan kansa a bakinmu. Ciwon baki bayanin wuri ne kawai, kamar ka ce ciwon ciki. Abin da ba shi da suna kuwa sai ya ari na maƙwabcinsa, maƙwabcin nan kuma haƙori ne.

Ba shi kaɗai ke yawo ba suna ba. Akwai farin abu da ke kwanta wa yaro a harshe da ganda kamar gudajin kindirmo, uwa ta ce nono ne ya kwanta. In nono ne, da an shafa zai fita. In ya ƙi fita, ko ya fita ya bar wurin ja yana tsatsar jini, to naman gwari ne da asibiti ke kira kandida. Ba a kankare shi da tsumma. Yana da ɗigon maganinsa, nistatin, kuma a kan duba kan nonon uwa don kada su riƙa mayar wa juna. Yakan biyo bayan yawan shan maganin bakteriya, kuma in ya yi ta dawowa ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, alama ce a binciki garkuwar jikinsa. Akwai wani kuma da ke fito da ƙuraje a baki da tafin hannu da tafin ƙafa lokaci guda, a ɗauka ƙarambau ne, alhali cikin mako ɗaya yake bajewa. Sai tsagewar kusurwar baki, wadda sau da yawa ƙarancin bitamin da sinadarin ƙarfe ne a jiki, maganinta yana cikin tukunya: ƙwai, wake, nono, zogale, hanta in an samu.

Wanda ya sami suna kuma sunan ya karkace shi ne kogon haƙori. Mukan ce tsutsa ce ke cin shi. Wannan zance tsoho ne ƙwarai, har a rubuce-rubucen mutanen Babila na dā an same shi. Babu tsutsa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai narka haƙori. Alawa da biskit da lemon kwalba da shayi mai zaƙi a fida da daddare, su ne abincinsu. Abin da ke ƙara lalata lamarin shi ne wata kalmar tamu mai kyau, famfara. Sai a ce a bar shi, ai zai yi famfara. Na gaba ne ke zuba a shekara shida ko bakwai. Turamen yarinta suna nan har shekara 10 zuwa 12, kuma ruɓaɓɓen haƙori yana tara mugunya ya kumbura fuska. Tun haƙorin farko ake fara wankewa, safe da dare, da man goge baki kamar ƙwayar shinkafa. Al'ummar da ta riƙe asuwaki a matsayin sunna bai kamata a ce bakin 'ya'yanta ne ba a wankewa ba.

Belu kuwa, ko beli, shi ne ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganda. Wasu na ce masa hakin wuya, kuma wannan suna shi kansa hukunci ne. Haki abu ne da ya faɗo inda ba wurinsa ba, abin cirewa. Da ka kira wani sashe na jiki haki, ka riga ka miƙa shi ga aska. Shi ya sa a gidaje da yawa wanzami ke cire shi tun cikin makon haihuwa, in kuma an bar shi, duk ranar da yaro ya kasa haɗiya sai a ce ya sauko. Gaskiya ne yakan kumbura ya yi ja, amma tare da maƙwabtansa yake kumbura in ciwon maƙogwaro ya kama, kamar yadda ido kan yi ja in ana mura. Ba shi ne tushen ciwon ba. Ina girmama wanzamai, sana'a ce ta gado, kuma su ne likitocin ƙauye tun babu asibiti. Sai dai askar da ta fito daga zabira ta shiga maƙogwaron yaron da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa tana iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa a gida, ko ciwon sarƙewar haƙora, ko ciwon hanta in an yi wa wani aiki da ita. Tun ƙarshen 2022 kuma da mashaƙo ya ɓarke a Kano ya bazu zuwa Katsina da Yobe da sauran jihohi, ciwon wuya ga yaro ya daina zama abin jinkiri. Mashaƙo yana shimfiɗa wata fatar toka-toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya toshe. Yaron da ke da wannan aka ce belu ne, an ɓata masa kwanakin da ba su dawowa. Rigakafinsa yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14.

Sunan da ya fi tsorata ni shi ne wanda ƙanen mahaifinmu ya ambata daga zaure. Iska a Hausa tana da fuska biyu, wadda ke kaɗawa da wadda ba a gani. In an ce ciwon iska, ana nufin abin da ya zo ba sanarwa, ya yi aikin da hankali bai kama ba. Akwai kuwa ciwon bakin yara da ya yi daidai da wannan siffa. Yana farawa da ɗan miki a dasashi, da jini, da wani wari mai ƙarfi da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Kwana kaɗan kumatu ya kumbura. Sai wani tabo baƙi-baƙi ya bayyana a waje, naman wurin ya mutu ya zube, rami ya buɗe har ana hango haƙora, wani lokaci ya ci leɓe da hanci da ƙashi. Duk wannan cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Uwar da ta ga fuskar ɗanta ta narke a gabanta cikin kwanaki, in ta ce iska ce ban ga laifinta ba. Wasu kuma ciwon daji suke ce masa, wato abin da ya fito daga inda ba mutane.

Sunansa a asibiti noma. Ka tsaya ka ji yadda wannan ke sauka a kunnen mutumin Fakuwa ko Kafin Dangi ko Kusada, wanda tun tasowarsa noma ɗaya ya sani, na gero da dawa da wake. Ma'aikacin lafiya ya zo wayar da kai ya ce zai yi magana a kan noma, dattijo ya gyara zama yana jiran batun taki. Kalmar ba tamu ba ce, kamar sauti ce kawai. Daga Girkanci ta fito, daga tushen da ke nufin kiwo, yadda dabba ke cin ciyawa tana gaba, haka ciwon ke cin nama yana yaɗuwa. Tsohon sunansa na Latin kuma ma'anarsa sankarar baki. Abin lura a nan, kuskuren da Turawan dā suka yi shi ne muke maimaitawa, domin a Hausar yau ta rediyo da jarida ciwon daji na nufin cutar kansa. Wanda aka ce wa ɗansa na da ciwon daji zai ji cewa ba magani sai addu'a. Noma kuwa ba kansa ba ce. Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a baki ne suke samun galaba a kan jikin da yunwa da ciwo suka raunana. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. In an kama ta tun tana dasashi, maganin bakteriya na 'yan kwanaki da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita cak. In an bar ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na yaran mutuwa suke yi, kuma ƙiyasinta na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa duk shekara. 'Yan shekara biyu zuwa shida ta fi kamawa, wato daga yaye zuwa famfara.

A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan ciwo, an kafa shi a 1999, kuma ƙungiyar likitocin MSF tana aiki a cikinsa tun 2014, ana yi wa waɗanda suka tsira tiyatar gyaran fuska kyauta. A Damagaram ma, cikin Nijar, ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. Masu bincike a asibitin Sakkwato sun buga wani nazari a 2020 a kan sunayen ciwon kaɗai, suka gano cewa sunan da iyaye ke kiran sa daban, wanda ma'aikatan lafiya ke kiran sa daban. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya na cututtukan da duniya ta yi sakaci da su, aka kuma sa ta a ranar 15 ga Disamba 2023. Wannan nasara ce ta suna a Janiba, mazaunin hukumar. A tsakar gidajenmu har yanzu sunan bai iso ba. Akwai masu ce mata zaizayar baki, kuma a duk sunayen da na ji wannan ne na fi so a riƙe, don ya faɗi abin da ido ke gani, kamar yadda ruwa ke zaizaye gaɓar rafi, bai kuma jingina shi ga aljan ko daji ba. Mai jin zaizaya ya san abu ne da ake tarewa tun yana ƙarami.

Noma ba ta zuwa ita kaɗai, tana da masu share mata hanya, kuma su ma sunayensu abin dubawa ne. Na farko ƙyanda, wadda ake sakaya sunanta a ce baƙon dauro. Mu mutane ne masu alkunya, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma abin da muke tsoro mukan lallaɓa shi da suna mai taushi. Amma da ka kira ciwo baƙo ka ba shi haƙƙin baƙo: a saukar da shi, a yi masa shimfiɗa, a jira ya tafi don kansa. Daga nan ne aka sami zancen cewa ba a kai mai ƙyanda asibiti, wai ba ta son allura. Ƙyanda kuwa da kanta tana fasa baki, tana karya garkuwar yaro na tsawon watanni, kuma rigakafinta kyauta ne a wata 9 da wata 15. Na biyu maleriya. Na uku, kuma babbansu, tamowa. MSF ta sanar cewa a wata shidan farko na 2025 yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda rashin abinci mai gina jiki. Jihar da ke da wannan adadi ba ta da ikon ɗaukar miki a dasashin yaro da wasa. Yaron da aka yaye kan koko zalla, ya yi ƙyanda da bazara, ya shiga damina da zazzaɓi lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ne wanda za a riƙa buɗe wa baki kullum.

Ban ce a watsar da duk abin da kakanninmu suka sani ba. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri a goge wa yaro baki da tsumma mai tsabta abu ne da asibiti ma ke cewa a yi. Jiƙon bagaruwa da tsofaffi ke wanke miki da shi yana da ɗaurin da ke tsuke nama, sai dai ba ya kashe abin da ke cin dasashi, kuma kwanakin da aka yi ana gwada shi su ne ake asara. Abin da nake roƙo a bari shi ne goga kanwa ko toka ko garin ƙwayar magani a kan miki, don ƙona wurin suke yi. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

A Kankiya muna da makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan da ake turawa ƙananan asibitocin ƙauyuka. Ina kira ga malamanta da ɗalibanta su ɗauki wannan batu na suna a matsayin darasi. Wanda zai zauna a asibitin ƙauye ya san cewa in uwa ta ce haƙori, ko belu, ko iska, ba ta gaya masa ciwon ba tukuna, ta gaya masa sunan da aka ba ta ne a gida, kuma in ya yi mata tsawa ba za ta dawo ba. Ya tambaye ta abin da ta gani, ya buɗe bakin yaron ko da zawo aka kawo shi. Masu shirye-shiryen lafiya a gidajen rediyon Katsina da Kano su ma su daidaita a kan suna ɗaya na Hausa, su daina cewa ciwon daji in noma suke nufi.

Ɗan ƙanwata ya warke a kwana na 12, turamensa kuma ba su fito ba sai bayan wata uku. Ke uwa, ke kaka, kai uba: in yaro ya ƙi abinci yana dalalar da miyau, kafin kowa ya raɗa wa ciwon suna, a wanke hannu, a kai shi wurin haske, a buɗe bakin a duba. In an ga jini a dasashi, ko wari, ko kumburin kumatu, ko farar fata a maƙogwaro, ko ya yi rabin yini bai yi fitsari ba, a goya shi zuwa asibiti a ranar, kada a kwana.